Mas'alar Kaka Da Jika A Jirgin Ruwa

   

Wani tsohon abokina, mai cinikin rogo da hatsi tsakanin Batsari da birnin Katsina, ya same ni a zaure bayan la'asar da wata mas'ala. Ɗansa da ke aiki a ƙasar waje ya aiko masa cewa zai biya masa Umra, shi da jikokinsa biyu, namiji mai shekara 11 da mace mai shekara 9. In sun ƙare ibada kuma su shiga jirgin ruwa na shan iska daga Jidda, su yi kwanaki bisa Bahar Maliya. Abu biyu suka hana shi barci. Na fari, wani malami ya ce masa wannan almubazzaranci ne. Na biyu kuwa ya faɗa mini da bakinsa, ya ce, "Malam, ni tsoho ne, daga carbi sai gyangyaɗi. Yaran nan da wa za su yi wasa? In ba su sami yara a jirgin ba, kewa ta dame su. In kuwa sun samu, ban san 'ya'yan ko su wane ne ba."

Na ba shi amsa a gurguje, amma na ga ya kamata in shimfiɗa ta a nan, gama mas'alar ta fi ƙarfin mutum ɗaya.

Ku sani, irin wannan jirgi ba na ɗaukar kaya ba ne, ba kuma na ƙetare da mutane daga gaɓa zuwa gaɓa ba ne. Gari ne sukutum bisa ruwa, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da filayen wasa, yana yawo daga wannan tasha zuwa waccan, kāna ya komo inda ya taso. Turawa sun daɗe da wannan al'ada, har a shekarar 1950 da 'yan kai ba a san girman da suka kai yau ba: wanda aka ƙaddamar a Amurka a 2024 yana iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000. A ƙarshen 2024 Saudiyya ma ta fara nata daga Jidda, mai suna Aroya, aka kuma shelanta cewa babu giya babu caca a cikinsa. Tsofaffin Turawa su ma wannan tambaya ta abokina ita ke damunsu, domin in tafiyar ta yi tsawo, ta kai makonni, galibi tsofaffi ne ke cika jirgin, yara kuwa suna makaranta.

Ra'ayina shi ne ya tafi da su. In sun shiga kuma, kada ya ɗaure su a gefen rigarsa. Ya nema musu abokai sa'o'insu, shi ya tsaya ya zama mai tantancewa.

Ga hujjata ta fari. Ɗaukar yaro doguwar tafiya gadonmu ne, ba mu are shi wurin kowa ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni bisa hanya, madugu na gaba, jakuna na biye, samari da yara na kiwon dabbobi a zango. A nan ɗan falke ya ke koyon lissafi da harsunan mutane da haƙurin yunwa. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, tun yana saurayi ya bi wannan hanya har bakin teku, daga baya ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa zuwa Ikko. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, sa'ad da ya yi niyyar Hajji a 1921, ta Ikko ya bi, ya shiga jirgin ruwa ya biya ta Ingila, ya kuma ɗauki ɗansa Usman Nagogo yana matashi, ya tsame shi daga makaranta domin tafiyar. Wannan matashi shi ya gaje shi a 1944, ya riƙe Katsina har 1981. Malamai kuma sun san ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a cikin Suratul Kahfi, da ya tasam ma mahaɗar tekuna biyu neman ilimi, bai tafi shi kaɗai ba, da saurayinsa ya tafi.

Hujja ta biyu daga kaina ta ke. Ina yaro, kafin a sami mulkin kai, kakana ya ɗauke ni Hajji ta ƙasa. Muka bi Kano da Maiduguri, muka ƙetare zuwa Fallomi, wadda a ke kira Njamena yanzu, muka ratsa Abashe da Junaina a bayan babbar mota, ƙura har cikin haƙori, sa'an nan muka sami jirgin ƙasa zuwa bakin Bahar Maliya. A Sawakin aka tsare mu a karantina, watau inda a ke duba lafiyar alhazai a yi musu allura kafin su shiga jirgi. A nan na fara sanin mene ne kewa. Kakana mutum ne mai sona, yana kirana abokin gāba, yana cewa na zo ƙwace masa mata, kamar yadda kakanni ke yi da jikoki. Amma wasan kaka yana da iyaka. Da ya ja ni da wasa kaɗan sai ya koma ga Dala'ilu, ni kuwa in zauna ina jifar ruwa da tsakuwa.

Rana ta uku na gamu da yara biyu. Ɗaya Babarbare ne, yana riƙe da allo mai rubutu wanda ban taɓa ganin kyansa ba. Ɗaya kuwa ɗan Mai Wurno ne, garin nan na bakin Nilu da mutanenmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. An haife shi a Sudan, bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausa ya ke yi irin ta Sakkwato, yana haɗawa da Larabci. Ga abin da kakana ya yi, shi ne kuma zuciyar wannan magana tawa. Bai kore su ba, bai kuma sake ni haka nan ba. Ya kira su ɗaya ɗaya, ya tambayi kowanne sunansa da sunan ubansa da izun da ya kai, ya ba su dabino. Sa'an nan ya tashi da sandarsa ya je ya gai da iyayensu a inda suka sauka. Da ya komo ya ce mini, "Je ka, amma in an kira salla in gan ka a bayana." Akwai yaro na uku da ya zo daga baya, mai saurin hannu a kayan mutane. Kakana bai zage shi ba, ya dai ce mini kada in ƙara cin abinci tare da shi, ya kuma gaya mini dalili.

Da muka shiga jirgi, jiri da amai suka kwantar da kakana, ni kuwa tsoro ya kama ni, domin ban taɓa ganin ruwan da ba a hango gaɓarsa ba. Ɗan Mai Wurno ne ya kawo mana lemun tsami, ya ja ni saman jirgi ya ce in dubi can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, jirin zai lafa. A wurinsa na koyi ƙidaya da Larabcin kasuwa. A wurin Babarbaren na koyi gyaran alƙalami, har yau kuwa irin fiƙarsa na ke yi. Kakana ya koya mini manasikin Hajji, Allah ya ji ƙansa. Amma cewa duniya tana da faɗi, akwai kuma yaro kamata wanda harshensa dabam, ƙasarsa dabam, alƙiblarmu ɗaya, wannan a wurin sa'o'ina na gane shi.

In ka ce, ai wancan Hajji ne, wannan kuwa shan iska ne, sai in ce gaskiya ne, ba daidai su ke ba, kuma ban daidaita su ba. Wanda bai sauke farali ba, ko a ke binsa bashi, ko maƙwabcinsa ke kwana da yunwa yana sane, to, kuɗinsa suna da wurin da ya fi cancanta. Amma wanda ya sauke waɗannan haƙƙoƙi, ya fita da jikansa domin ya ga ikon Allah a teku, ya ga mutane iri iri, ban san hujjar da za a kira wannan ɓarnar dukiya ba. Muna ganin mai hali yana Umra kowace shekara shi kaɗai, sau goma, jikokinsa kuwa ba su taɓa wuce Dutsin-ma ba. Da ya rage ɗaya ya ɗauki yaro, da ya fi. Malamai sun tabbatar cewa Hajjin yaro da Umrarsa sun inganta, ana kuma ba da lada, ko da ya ke faralin yana nan a kansa in ya balaga.

In ka ce, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, yaro zai kwaso halin banza a cikin baƙi, sai in ce wannan ma gaskiya ne. Amma ka duba, wayar da ke hannun jikanka cikin ɗakinsa ta tara masa abokai da ba ka san fuskarsu ba, ba ka kuwa da hanyar zuwa gai da iyayensu. Abokin jirgi kuwa yana gabanka, kana ganin cinsa da maganarsa da yadda ya ke amsa wa uwarsa. Ko ka so ko ka ƙi, yaro sai ya yi aboki. Abin da ya rage gare ka shi ne ya yi shi kana kallo, ka nuna masa yadda a ke zaɓe.

Saboda haka ga sharuɗɗan da na ba abokina. Ya sa tafiyar ta dace da hutun makaranta, gama a lokacin ne yara ke yawa a jirgi. Kada ya zaɓi mai tsawon makonni, kwana bakwai ko abin da bai kai ba ya isa farkon gwaji. Ya sa ɗansa ya tambayi masu jirgin tun kafin a biya, ko akwai wurin salla, wane irin abinci ne, ina a ke tara yara, wa ke tsaronsu. In ya sami wani dattijo ɗan'uwansa mai niyyar Umra, su haɗa tafiya, kowa da jikokinsa, domin Larabawa sun ce a nemi abokin tafiya kafin a nemi hanya. In yaran sun yi abokai, ya san iyayensu tun ranar fari. Kada yaro ya shiga ɗakin kwanan kowa, kada ya hau ƙarfen gefen jirgi, kada ya kusanci wurin wanka ba babba. Yarinyar kuwa ya haɗa ta da wata dattijuwa amintacciya, domin akwai abin da jika mace ba ta faɗa wa kaka namiji. Lokutan salla biyar su zama lokutan ƙidayar kai. In dare ya yi ya tambaye su, wa kuka gani yau, me ya ce, me kuka ce. A wannan hira ce a ke tanƙwara icce tun yana ɗanye.

Na sani a cikin masu karanta wannan, kaɗan ne za su ga cikin irin wannan jirgi. Maganata ta fi shafar sauran. Jama'a, ku dubi yaran da suka tashi a ƙasarmu cikin shekarun nan. Sun ji labarin Tsauwa da Dankar a 2020. A ƙarshen shekarar suka ji an kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara an shige daji da su. A 2021 suka ga an yanke waya, an hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu. Muka kulle su a gida domin tsoro, ba mu kuwa yi laifi ba. Amma yaron da ya girma bai san kome ba sai katangar gidansu da sunan dajin Rugu, zai ɗauka duniya duka haka ta ke, kowane baƙo maƙiyi ne. Ku tuna kuma, da yawa daga cikin masu riƙe da bindiga a dajin nan yara ne sa'ad da suka shiga, ba su sami babban da zai tambayi abokansu sunan ubansu ba.

Hanyar Sudan da muka bi ta toshe tun da yaƙi ya tashi can a 2023, jirgin sama kuwa ya mai da tafiyar watanni ta zama ta sa'o'i, ba zango, ba hira. To, abin da ya saura kada mu bar shi. Ɗan kasuwar da zai je Kano sarin kaya, in hanya ta yi kyau kuma da rana ne, ya ɗauki jikansa ya ga Kurmi, ya bar shi ya zauna da yaran shagon maigidansa. Malamin da zai je ziyara Sakkwato ya tafi da ɗaya ko biyu, su kwana a makarantar wani malami cikin almajiransa. Wanda bai iya wannan ba, ya kai su birni su ga hasumiyar Gobarau, ko Daura su leƙa rijiyar Kusugu, ko madatsar Zobe su ga ruwa mai faɗi. Kuɗin mota ne da ɗan guzuri. Tafiya mabuɗin ilimi ce, gani kuma ya kori ji.

Abokina ya tashi yana cewa zai yi istihara. Na ce masa ya yi, amma ya tuna mu da muka tsufa kwanakinmu ƙidayayyu ne, jika kuwa ba ya daɗewa yana ɗan shekara 11. Allah ya kai su lafiya ya komo da su lafiya, ya shiryi zuriyarmu, ya haɗa su da abokai nagari a tudu da teku, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah shi ne mafi sani. Haza wasalam.