Cinyar talo-talo ba ta son gaggawa

Jama'a, masu bandar cinyar talo-talo a gida, gaggawa ce ke ɓata muku nama. Cinyar tana da kauri da yawan jijiya. In aka ɗora ta kan wuta mai ƙarfi, sai waje ya ƙone, ciki ɗanye.

A bari ta kwana a ruwan gishiri cikin firji, babban cokali 3 a kowace lita, da citta da tafarnuwa. In an ɗauke wuta a zuba ƙanƙara, don in ruwan ya ɗumama naman ya lalace.

Sannan a banda ta nesa da garwashi, awa 3 zuwa 4, har cikinta ya kai digiri 74. Ban da katako mai fenti. 'Ya'yanmu ne za su ci.