Cigong da Ciwon Damuwa

'Yan kasuwarmu na zango da ke zuwa Guwanzu sarin kaya sukan dawo da labari iri ɗaya: wai da sassafe za ka tarar da tsofaffi sun cika lambunan gari, suna ɗaga hannu suna saukewa a hankali kamar masu iyo a cikin iska. Ba rawa ba ce. Sunan abin cigong. "Ci" na nufin numfashi ko ƙarfin jiki, "gong" kuwa horo ne na yau da gobe.

Abin ya daɗe. A 1973 an tono wani kabari a Mawangdui, na shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka sami ƙyallen siliki da zanen mutum 44 suna irin wannan motsi. A 2003 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta tace salo huɗu don lafiyar jama'a. Mafi sauƙinsu shi ne Baduwanjin, motsi takwas, wanda ba ya wuce minti goma sha biyar.

To, mene ne haɗinsa da damuwa? Ba ɓacin ran kwana ɗaya nake nufi ba. Ina nufin wanda ya yi mako biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, ko gaisuwa ta zame masa kaya. Mu kan ce masa ya yi haƙuri, ko mu ce iska ce, alhali ciwo ne da ke da magani. Gwaje-gwajen da aka yi, musamman kan tsofaffi masu doguwar jinya a Hong Kong, sun nuna cewa masu yin cigong a kai a kai na wasu makonni sun sami sassauci. Gwaje-gwajen ƙanana ne, sassaucin ma matsakaici ne, kada wani ya yi muku ƙari.

Ni dai ina ganin ba wani asiri a ciki. Idan ka saki numfashi a hankali, bugun zuciya yakan lafa. Mai ƙirga motsi kuma ba ya samun sukunin tauna tunani guda. Sannan ga fitowa daga ɗaki, ga hasken safe, ga mutane. Mai damuwa da ba zai iya gudu ko ƙwallo ba, zai iya tsayawa ya sarƙe yatsunsa, ya ɗaga hannu sama yana shaƙa, ya sauke yana saki. Motsin farko ke nan. Na biyu kamar mai ɗana baka ne, hagu da dama.

Wani zai tambaya, ba bautar wani abu a ciki? Bayanin "ci" ra'ayin likitancin Sin ne, ba sai ka yarda da shi ba kafin ka miƙe hannu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa. Abin gudu shi ne mai cewa zai warkar da kai da tafin hannunsa, don irinsu sun cuci mutane da yawa a Sin a shekarun 1980.

Wanda likita ya ɗora kan magani kada ya ajiye shi. Wanda kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, 'yan'uwa su kai shi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.