Filin wasanni: Toni Kuros, mai rabon ƙwallo

A wannan wata labarin wani Bajamushe ne, ɗan ƙwallon ƙafa, mai suna Toni Kuros. A takardun ƙasarsu ana rubuta sunan haka: Kroos.

In ana sauraren ƙwallo a rediyo, sunan wanda ya jefa ƙwallo a raga ake ji. Shi ake yi wa tafi. Amma kowace ƙungiya mutum 11 ce. Akwai mai tsaron gida, da masu tsaron baya, da ƴan gaba masu neman ci. Tsakaninsu kuma akwai ƴan tsakiya. Aikin ɗan tsakiya shi ne ya karɓo ƙwallo daga baya, ya duba, ya miƙa wa wanda ya dace. In ya yi daidai, wani zai ci, wani za a yaba. In ya kuskure, shi za a zaga. Wannan aiki ne Kuros ya yi har shekara 17.

Asalinsa

An haife shi ranar 4 ga Janairu 1990 a Greifswald, wani gari na bakin teku a arewacin Jamus. Lokacin nan Jamus biyu ce, ta gabas da ta yamma. Garinsu na cikin ta gabas. Yana da wata 9 aka haɗe ƙasashen biyu suka zama ɗaya.

Ubansa Roland ɗan kokowa ne tun farko. Daga baya ya koma koya wa yara ƙwallo. Shi ya fara koya wa Toni da ƙanensa Felix. Ya sa su maimaita abu guda kullum: tsai da ƙwallo, da miƙa shi, da ƙafar dama da ta hagu. A 2002 gidan ya tashi ya koma birnin Rostok, yaran suka shiga ƙungiyar Hansa Rostock. A 2006, Toni na da shekara 16, babbar ƙungiyar Jamus, Bayern ta birnin Munik, ta ɗauke shi. Nisan da ya yi da gida ya fi na Yamai zuwa Maraɗi.

A 2007 aka yi gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 17 a Koriya ta Kudu. Kuros na cikin yaran Jamus. A wasan kusa da na ƙarshe suka haɗu da yaran Najeriya. Najeriya ta ci su 3 da 1, ta wuce ta ɗauki kofin. Jamus ta doke Gana ta zo ta uku. Duk da haka, da aka tashi zaɓen yaron da ya fi kowa iyawa a gasar, Kuros aka zaɓa. A watan Satumba na shekarar ya fara buga wa manyan Bayern. An sa shi kusa da tashi, amma ya ba Miroslav Klose ƙwallo biyu, duka suka shiga raga.

Wahala a gida

A Bayern manya sun yi yawa, yaro ba ya samun wuri. A 2009 aka ba da shi aro ga ƙungiyar Leverkusen. Ya yi shekara ɗaya da rabi can, ya ƙara wayo, ya komo.

A 2012 ya sha ɗaci. Bayern ta kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, a filinta na Munik, gaban jama'arta. Ta kara da Chelsea ta Ingila, aka tashi 1 da 1. Sai aka zo bugun daga kai sai mai tsaron gida. A wasan da ya gabata mai tsaron gida ya tare wa Kuros irin wannan bugu. Saboda haka a wannan dare bai yarda ya buga ba. Bayern ta sha kashi. Mutane da yawa suka riƙe shi a zuci, suka ce ba shi da ƙarfin hali. A 2013 Bayern ta ɗauki kofin, amma ranar wasan ƙarshe yana jinyar rauni.

Aka kuma laƙaba masa sunan ba'a, wai Toni mai ba na gefe. Suna nufin ba ya gudu da ƙwallo, ba ya kutsawa gaba, sai dai ya tura wa na kusa da shi. Da ya nemi ƙarin albashi daidai da na manyan ƙungiyar, shugabannin Bayern suka ƙi.

Kofin Duniya na 2014

Ana cikin haka aka tafi Kofin Duniya a Burazil. Hanyar Jamus ba ta zo da sauƙi ba. Gana ta riƙe ta 2 da 2. Aljeriya ta kai ta har ƙarin lokaci kafin ta faɗi 2 da 1.

Ranar 8 ga Yuli, a birnin Belo Horizonte, Jamus ta haɗu da masu masauki. Kuros ne ya bugo kusurwar da Thomas Müller ya ci na farko da ita. A minti na 24 shi kansa ya ci. A minti na 26 ya ƙwace ƙwallo, ya ba abokinsa, aka maido masa, ya ƙara. Aka tashi Jamus 7, Burazil 1.

Ranar 13 ga Yuli aka yi wasan ƙarshe da Ajantina. Nan Kuros ya yi kuskuren da ya kusa kashe su. Ya mai da ƙwallo baya da ka, sai ya faɗa gaban ɗan gaban Ajantina, Higuain. Allah ya taimake shi, Higuain ya buga waje. Jamus ta ci 1 da 0, ta ɗauki kofin. Bayan kwana 4, Bayern ta sayar da shi ga Real Madrid ta ƙasar Sifaniya. Kuɗin sun kai wajen Yuro miliyan 25, wato fiye da miliyar 16 na sefa. Kuɗi ne masu yawa, amma a kasuwar ƴan ƙwallo arha ne ga irinsa.

Shekara 10 a Madrid

A Madrid bai canza hali ba. Ya tsaya tsakiya tare da Luka Modric da Casemiro. Tun ƙwallo bai iso ba ya riga ya waiga, ya san inda kowa yake. In abokan karawa sun taru dama, sai ya tsallaka da ƙwallo hagu, inda babu kowa. In abokansa sun gaji, sai ya rage saurin wasa su huta. Turar nan ta gefe da ake yi wa dariya, da ita yake jan abokan karawa har ƙofa ta buɗe. Cikin ƙwallo 100 da ya miƙa, fiye da 90 suna isa ga wanda ya nufa.

Ya buga wa Madrid wasa 465. Ƙwallo 28 kawai ya ci. Amma a shekarun nan ƙungiyar ta ɗauki Kofin Zakarun Turai sau 5: a 2016, 2017, 2018, 2022 da 2024. Ta kuma zama zakarar Sifaniya sau 4.

Ga wani abu da manomi zai gane da sauri. Ƴan ƙwallo kan canza samfurin takalmi kusan kowace shekara. Kuros ya riƙe samfuri guda, fari, na kamfanin Adidas, fiye da shekara 10. Ƙungiya na da ma'aikatan da ke kula da kaya, amma shi da hannunsa yake wanke takalmansa. Mai hauya ya san ƙotar da ta saba da hannunsa.

An neme shi ya komo

A 2018 an fitar da Jamus daga Kofin Duniya tun zagayen farko, Kuros na ciki. A 2021 Ingila ta fitar da ita daga gasar ƙasashen Turai. Kuros ya ce ya bar buga wa ƙasa. Wani tsohon shugaban Bayern, Uli Hoeness, ya fito a talabijin ya ce irin wasansa ya wuce yayi.

Kuros ya tafi, amma ciwon bai warke ba. A 2022, a Katar, an sake fitar da Jamus tun zagayen farko. Sai sabon mai horarwa, Julian Nagelsmann, ya roƙe shi ya komo. Ya yarda. A watan Maris 2024, a wasansa na farko, da Faransa, ba a cika daƙiƙa 8 da farawa ba ya ba Florian Wirtz ƙwallo, ya ci.

Ranar 21 ga Mayu 2024 ya ba da sanarwar zai ajiye ƙwallo gaba ɗaya. Shekararsa 34, lafiyarsa ƙalau, Madrid kuma na son ya zauna. Ya ce ya fi so ya tafi da ƙarfinsa. Makiyayi ya san wannan lissafi: sa yana da daraja da kaka, yana da ƙiba, ba sai rani ya cinye shi ba.

Ranar 1 ga Yuni, a Landan, ya yi wa Madrid wasan ƙarshe. Kusurwar da ya bugo ce Carvajal ya sa wa kai, ya buɗe ci. Madrid ta doke Dortmund 2 da 0. A gasar ƙasashen Turai da ta biyo, ranar da suka kara da Sukotland, ya miƙa ƙwallo 102, guda ɗaya ne ya ɓace. Ranar 5 ga Yuli Sifaniya ta ci Jamus 2 da 1 a birnin Stuttgart. Daga nan ya rataye takalmi. Ya buga wa ƙasarsa wasa 114, ya ci 17.

Abin lura

Ƴan uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane ƙauye na da ƴan tsakiyarsa. Ranar gayya ana yi wa gwanin noma kirari, amma akwai mai kawo ruwa bakin gona. Akwai wanda ya adana iri tun kaka. A ƙungiyar manoma akwai mai riƙon littafi, wanda ke rubuta kowane buhu da ya shiga rumbu da wanda ya fita. Ba a yi musu kiɗi. Sai ranar da babu su ake sanin nauyin da suke ɗauke da shi.

Ku duba cikin garinku. In akwai irin wannan mutum, ku gode masa tun yana tare da ku. Ku samari masu buga ƙwallo da marece kuma, ku koyi ɗaga kai kafin ku buga.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.