Sauya Wa Bashi Gida Ba Biya Ba Ne

Bashi hanji ne, in ji Bahaushe, yana cikin kowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da wuya a sami malamin firamare daga Daura zuwa Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua wanda albashinsa ke kai shi ƙarshen wata ba tare da rance ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a 2024 ya kawo sauƙi, amma tsadar hatsi da magani ta riga shi isa gida. Saboda haka ba mu zargin wanda ya ci bashi. Abin da ke damun mu shi ne sabon salon da ake tallata mana: wani mai ba da lamuni ya biya maka tsohon bashinka, ya ɗora maka nasa, har da 'yan kuɗi a hannu.

Wannan dabara tsohuwa ce a Amurka da Ingila, inda masu katin bashi kan kwashe abin da ake bin su daga wani kati zuwa wani. Can ma ana biyan ladan sauyawar, kuma rangwamen kuɗin ruwa na ɗan lokaci ne. Mu nan katin bai yaɗu ba, amma albashinmu ya zama katin, tunda daga cikinsa ake cira kafin mu gan shi.

Mu yi lissafi irin wanda muke koya wa 'yan aji shida. A ɗauka malami ya ranci naira 300,000 na wata 12, da ruwan kashi 4 cikin ɗari duk wata a kan uwar kuɗi. Zai biya 444,000, wato 37,000 a wata. Bayan wata shida, saura 222,000. Sai wani ya zo ya ce zai rufe masa tsohon da 200,000, ya ba shi 100,000 a hannu, a biya cikin wata 24 da ruwan kashi 3. Cirar wata ta sauko zuwa 21,500, malam ya yi ajiyar zuciya. Amma jimillar ta koma 516,000. Saboda 100,000 da ya karɓa, ya ƙara wa kansa 294,000, kuma wahalar wata shida ta zama ta shekara biyu. An yi gudun gara, an tarar da zago.

Babu kuma wurin ɓuya. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar cire kuɗin wanda ya gaza biya daga sauran asusunsa masu lambar BVN ɗaya.

Ga abin da muke ganin ya dace. Na farko, kafin sanya hannu a nemi jimillar abin da za a biya a rubuce, haɗe da kuɗin fom da inshora. Idan ta fi ragowar tsohon bashin, a haƙura. Na biyu, a ƙi karɓar ƙarin da ake miƙowa, domin shi ne tsutsar da ke bakin ƙugiya. Na uku, kada duk cirar wata ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, ma'aunin da Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta sanya wa abin da ake cira daga ladan ma'aikaci. Na huɗu, mai basussuka da yawa ya fara kashe wanda ruwansa ya fi tsada, musamman na manhajojin waya, kuma wanda ya rufe kada ya sake buɗe shi.

Ƙungiya ma tana da nata nauyin. Muna kira ga shugabannin reshe su ƙarfafa asusun gama-kai da adashi, su bincika tsarin bankunan da ba sa mu'amala da riba, su kuma ware mutum biyu ko uku da za su duba wa mamba takardar lamuni cikin sirri kafin ya amince. Iyalanmu su ma su san abin da ake bin mu, domin su ne ke jin jiki idan tukunya ta ƙi hawa wuta. Malamin da ya shiga aji yana tunanin mai bin sa bashi, rabin hankalinsa ne kawai ke wurin allo.

Allah Ya yaye mana, Ya sanya albarka a cikin ɗan abin da muke samu.