Ɗinkin baitoci ba sata ba ne

A 1961 wani marubucin Faransa, Raymond Queneau, ya buga waƙoƙi goma masu layi 14 kowace, aka tsaga shafukan layi-layi domin mai karatu ya riƙa sauya su yana haɗa sabuwar waƙa. Turawa suka yi ta mamaki. Mu kuwa a ƙasar Ƙwanni mun daɗe da sanin ɗan'uwan wannan aiki, wanda malamanmu ke kira tahamisi.

Ga yadda ake yin sa: mawaƙi ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya gabatar masa da ɗango uku nasa, baiti ya zama mai biyar. Ishiriniyar da ake rerawa lokacin Mauludi haka take: ta Alfazazi ce, Ibn Muhib ya yi mata tahamisi. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta, kusa da Galmi, a 1754, ya tsara "Tabbat Haƙiƙa" da Fulatanci; ɗiyarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi.

Abin lura shi ne, babu wanda ya shafe sunan na gabansa. Yau kuwa sai ma'aikaci ya tsinto rahoton wani nan, jawabin wani can, ya liƙa, ya sa hannu, ya karɓi yabo. Tela ya haɗa ƙyallaye ya fid da riga, wannan gwaninta ce. Ranar da ya ce shi ya saƙa su, ya ci amanar masaƙi.