Ingilishin talabijin: a tambaya kafin a zuba kuɗi

Da dare, idan an rufe rumfuna a Babbar Kasuwa, Katako da Wadata, gidaje da yawa a Yamai suna gaban talabijin. Wasu fim ɗin Kano suke kallo, wasu na Legas, wasu na Amurka. Cikin masu kallon akwai ƴan kasuwa, maza da mata, da suka ɗauri aniyar koyon Ingilishi ta wannan hanya, saboda sarin kaya yana kai su Legas, Akara, Dubai har Sin, inda Faransanci ba ya ciniki. Mun yaba da wannan himma. Sai dai akwai rami a hanyar, kuma ya zama dole mu nuna shi.

Kwanakin baya wata hajiya mai saida kayan ɗaki ta kira mu a shirinmu na rediyo. Ta yi ciniki ta waya da wani mai shago a Dubai, ta ce masa za ta aika kuɗi "next tomorrow", kamar yadda take ji a fina-finan Legas. Ita jibi take nufi. Shi kuwa gobe ya ji. Da gobe ta wuce babu kuɗi, sai ya saida kayan ga wani. Ba ta yi ƙarya ba, shi ma bai ci amana ba. Magana ce ta raba su.

Abin da ya kamata mu gane shi ne, Ingilishin da ke fitowa daga talabijin ba iri ɗaya ba ne. Na Najeriya daban, na Ingila daban, na Amurka daban. A fim ɗin Legas, mutum zai ce "I am coming" yana fita daga ɗaki, daidai da "ina zuwa" tamu ta Hausa. Mutumin London kuwa ji zai yi kana kan hanya zuwa wurinsa. Idan ɗan Legas ya ce "how far", gaisuwa ce, ba nisan tafiya yake tambaya ba. Wannan Ingilishi ba na banza ba ne: a 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da "next tomorrow" da "Kannywood". Amma shiga ƙamus ba ta sa mai shago a Dubai ya san su ba.

Fim ɗin Amurka shi ma da nasa tarkon. Idan aka ce kaya "a steal" ne, ba na sata ba ne, araha ce ta yi yawa. Idan aka ce abu ya ci "an arm and a leg", ba wanda aka yanke wa hannu da ƙafa, tsada ake nufi. Kada wannan ya ba mu mamaki. Mu ma idan muka ce kasuwa ta ci, ko wane yana da dogon hannu, baƙon da ya bi kalma ɗaya bayan ɗaya ɓata zai yi.

Mu da muka yi lakkol da Faransanci, muna da tarko na uku. Kalmar "sale" a Faransanci dauɗa ce, a ƙofar shagon Dubai kuwa rangwame ce. Abin da Bafaranshe ke kira "délai" wa'adi ne, amma "delay" a Ingilishi jinkiri ne. Mai odar kaya da ya haɗa waɗannan biyu yana iya sa hannu a kan abin da bai nufa ba.

To, mene ne abin yi? Ba mu ce a kashe talabijin ba. A ci gaba da kallo, amma a lura da ƙasar da fim ya fito. Maganar da ta ɗaure kai, a dubi fuskar mai faɗinta da abin da ya biyo baya, sannan a tambayi wanda ya sani. Yaranmu suna fara Ingilishi tun ajin farko na kwaleji; ba abin kunya ba ne uwa ta tambayi ɗiyarta. Matambayi ba ya ɓata. Idan kuma maganar kuɗi ce, a bar salon fim. A rubuta rana da wata, farashi da yawan kaya da lambobi, a aika a waya, ɗayan ya amsa.

Muna kuma kira ga hukuma. A watan Maris na 2025, kundin sabunta ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Tunda haka ne, bai kamata a bar ƴan kasuwa su koyi Ingilishi da lalube ba. Télé Sahel da gidajen talabijin da rediyo masu zaman kansu suna iya ware minti 10 kowane dare, a ɗauko magana ɗaya ta fim ko ta ciniki, a warware ta da Hausa da Zabarmanci. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa su ma suna iya ɗaukar malami ya riƙa zuwa kasuwa bayan la'asar.

Jarin da aka tara dala bayan dala bai kamata ya salwanta a kan kalma ɗaya ba. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.