Kumburin ƙafar mai jego

A gidajen Zawaciki da Panshekara, inda yawancin magidanta ke fita tun da asuba zuwa kamfanonin Challawa da Sharada, mai jego kan wuni a hannun uwarta ko surukarta. Idan ƙafarta ta kumbura, sai a ce ruwan haihuwa ne bai gama sauka ba. Idan ta yi haki, a ce ai jini ta zubar. Sau da yawa gaskiya ne. Amma wani lokacin zuciyarta ce ta fara gazawa.

Cutar kan bayyana daga watan ƙarshe na ciki zuwa watanni biyar bayan haihuwa. Tsokar zuciya ta saki, ta kasa tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu da ciki. Kumburin ciki na yau da kullum yakan sauka bayan 'yan kwanaki. Wannan kuwa ƙaruwa yake yi. Alamar da ta fi tona asirin cutar ita ce kwanciya: mace ta kasa miƙewa a gado sai an tara mata matasai, ko ta farka cikin dare tana tari tana neman iska. Idan aka yi sakaci, jini kan daskare a cikin zuciyar da ta raunana, gudansa ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki, ko bugun zuciya ya rikice a yi mutuwar fuju'a. Wadda ta tsira ba tare da zuciyar ta murmure ba, ciki na gaba yana iya zama ajalinta.

Arewacin Najeriya na cikin wuraren da cutar ta fi yawa a duniya. Wani bincike a Sakkwato a 2007 ya sami kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari. Tun shekarun 1970, likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka ɗora laifin a kan wankan jego, kwanciya a gadon ƙasa mai wuta da kunun kanwa, kuma wannan bayani ya zauna daram a bakin mutane. Sai dai binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta bai sami al'adun a matsayin tushen cutar ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, rashin karatu, rashin abin yi, hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Kanwa dai gishiri ce, tana ƙara wa zuciya mai rauni nauyi, amma zargin tukunyar wanka ya daɗe yana ɗauke hankalinmu daga talauci.

Shi ya sa nake ganin wa'azi a kan al'ada bai wadatar ba. Mai jego tana kai jaririnta rigakafi a mako na 6, na 10 da na 14, daidai lokacin da cutar ke bayyana. Ana auna jariri, uwar kuwa ba mai tambayarta. A auna hawan jininta, a danna ƙafarta, a tambaye ta matasai nawa take kwana a kai. Wadda ake shakka a tura ta hoton zuciya. Kamfanonin Bompai, Sharada da Challawa kuma su sa matan leburorinsu cikin tsarin kula da lafiya, har da na 'yan aikin wucin-gadi, domin kuɗin hoton da na magani shi ke mayar da mata da yawa gida.